Maigidana na aikin zinariya: hannunsa na rawa, yarona kuma ya daina magana

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a wani ƙauye a yammacin Zamfara. Maigidana ya shekara shida yana aikin zinariya. Saboda tsoron ɓarayi ya daina barin kaya a daji, a gida yake ajiye buhunan dutse, ni da abokiyar zamana muna taya shi dakawa a tsakar gida, shi kuma da dare ya ƙona zaiba a kurfoti cikin zaure. Tun bara hannunsa ke rawa, kofin shayi sai ya riƙe da hannu biyu, yanzu kuma hannun dama ya fara lanƙwashewa daga wuyan hannu. Ciwon ciki ba ya barinsa, ga saurin fushi da mantuwa, alhali da ba haka yake ba. Wanda ya fi tayar mini da hankali yarona ne mai shekara biyu da rabi. Ya fara magana, yanzu ya daina, yana yawan amai da barci, makon jiya kuma ya yi taune-taune. An ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, bai canza ba. Surukata ta ce iska ce, an yi rubutu an yi hayaƙi. Ina da ciki wata huɗu. Na taɓa ce wa maigida ko aikin ne, ya ce da aikin muke ci. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yaron da mahaifinsa lafiya, ke kuma Ya sauke ki lafiya.

Da yaron za mu fara, domin nasa ba ya jira. Yaron da ya fara magana ya daina, yana amai, barci ya yi masa yawa, har ya yi taune-taune, a gidan da ake daka dutsen zinariya, dole a ɗauka gubar dalma ce ta kai ƙwaƙwalwarsa har sai gwaji ya nuna ba ita ba ce. Ki kai shi babban asibiti yau. Ba mu ga yaron ba, kuma zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai da sanƙarau su ma suna zuwa da waɗannan alamu, har yaro yana iya haɗa biyu lokaci guda. Ko wanne ne a cikinsu, ya fi ƙarfin kemis. Sai dai likita ba lallai ne hankalinsa ya kai kan dalma ba idan ba a gaya masa ba, don haka da bakinki ki ce masa: "A gidanmu ake daka dutsen zinariya, ana kuma ƙona zaiba. Ina so a auna dalma a jininsa." Idan asibitin ba su da abin gwajin, ki roƙi takardar turawa zuwa inda ake yi, ko a ɗebi jinin a aika. Manyan asibitoci irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato za su iya nuna muku hanya.

Idan taune-taunen ya dawo kafin ku isa, ki kwantar da shi a gefensa, ki kawar da duk abin da zai iya bugewa, ki sassauta masa riga. Kada a tura masa cokali ko yatsa a baki. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo yana cikin wannan hali, domin abin da aka ɗura wa mai jijjiga huhu yake wucewa. Hayaƙi ma a bari, numfashi yake ƙara toshewa. Jijjigar da ta wuce minti 5, ko wadda ta dawo yaro bai farfaɗo daga ta farko ba, tana iya kisa.

Wannan abu ba baƙo ba ne a yankinku. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar yara suna ta mutuwa da amai da jijjiga a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi kuma bai yi musu komai ba. Da aka kai jini gwaji aka ga dalma ce. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu, har da na Bagega, inda sai a 2013 aka samu damar kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A duka biyun hanyar ɗaya ce: an shigo da dutse cikin gari, an daka ko an niƙa shi inda yara suke rarrafe.

Dutsen da ake haƙowa a wasu ramukan, zinariyar da ke ciki 'yar kaɗan ce, dalma ce mai yawa, kuma irin wadda ruwan ciki ke narkarwa cikin sauƙi. Ido ba ya bambance dutsen da ke da ita da wanda ba shi da ita. A 2010 an auna ƙasar wasu wurare aka samu dalma ta haura kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙasar, alhali iyakar da ake amfani da ita a lokacin ga wurin wasan yara ita ce 400 cikin miliyan. Ƙurar daka tana sauka a kan tabarma, da kwanon abinci, da bakin randa, da tafin hannun yaro, shi kuwa yaro mai shekara biyu komai baki yake kai wa. Cikin dalmar da aka haɗiye, jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba zai tsotsa, kuma ya fi tsotsa idan cikinsa babu abinci ko yana da ƙarancin jini. Jiki yana ɗaukar dalma tamkar sinadarin kalsiyam, wanda ƙashi da jijiyoyi ke aiki da shi, sai ya buɗe mata hanya ta shiga ƙwaƙwalwa ta dagula yadda sassanta ke aika wa juna saƙo. Idan ta yi yawa ƙwaƙwalwa ta kumbura, daga nan amai da nauyin barci da jijjiga suke fitowa. Idan kaɗan ce ba a ganin komai a fili, sai dai kaifin basira ya ragu, yaro ya kasa natsuwa, karatu ya yi masa wuya nan gaba. Shi ya sa ba yaronki kaɗai za a gwada ba. Duk yaran gidan, har na abokiyar zamanki, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, a gwada su ko da suna guje-gujensu lafiya ƙalau.

Ga yadda za ki karanta sakamakon. Ana auna dalma da maikrogiram a kowace desilita ta jini. Babu adadin da aka sani ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2021, ta ce daga 5 zuwa sama dole a nemo inda dalmar ke shigowa a toshe. Daga 45 zuwa sama ana ba yaro maganin fitar da ita. Daga wajen 70 kwantarwa ake yi, yaron da kuma alamun ƙwaƙwalwa suka bayyana gare shi na gaggawa ne ko nawa lambar ta nuna. Ƙaramar na'urar da ake gwaji da ita da ɗigon jinin yatsa tana tsayawa a 65, abin da ya wuce nan ba ta faɗin adadinsa, sai an ɗebi jini daga jijiya an kai babban ɗakin gwaji. A wanke hannun yaro da sabulu sosai kafin a huda yatsa, in ba haka ba ƙurar da ke kan fata za ta shiga jinin ta ba da lambar da ba ta gaskiya ba.

Maganin da aka fi ba yara shi ne DMSA, wanda ake sha ta baki. Yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Tsarin da aka saba shi ne miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau uku a rana na kwana 5, sannan sau biyu a rana na kwana 14, jimla kwana 19. Yaron da ke jijjiga ko ba ya iya riƙe abu a ciki, ta ƙarin ruwa ake ba shi wani maganin mai suna kalsiyam EDTA. Mun kawo adadin ne don ki gane abin da ake yi masa ki kuma lura kada a tsallake, ba don a saya a ba shi a gida ba, domin ana bin maganin da gwajin hanta da ƙoda da jini. Wurare uku aka fi samun tangarɗa. Wasu iyaye suna dainawa da zarar yaro ya fara wasa. Wasu ba sa komawa gwaji, alhali dalma tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, bayan an gama magani sai ta sake tsatsowa cikin jini, a buƙaci zagaye na biyu ko na uku. Mafi muni shi ne a yi wa yaro magani a mayar da shi tsakar gidan da ya kwaso cutar, wanda daidai yake da ɗiban ruwa da kwando. Ki kuma sani maganin yana ceton rai yana hana ɓarnar ƙaruwa, amma ba ya gyara abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa. Wannan ne dalilin da ya sa muke matsa miki a kan yau.

Za ki ji masu cewa a ba shi madara ko nono, wai suna wanke guba. Ba sa wankewa. Amfanin abinci shi ne yaron da ya ƙoshi, jininsa ya cika, ba ya tsotsar dalma kamar mai yunwa. A ba shi abinci sau huɗu ko biyar a rana ko da kaɗan-kaɗan ne, da wake, da zogale, da miyar kuka, da ƙwai, da hanta idan an samu, da kindirmo, a haɗa da lemu ko gwaiba ko tumatir domin suna taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙara jini. Kada a ba shi shayi tare da abinci, yana hana wannan sinadarin shiga. Idan likita ya rubuta maganin ƙara jini a sha har ƙarshe.

Yanzu gidan. Idan akwai dangin da ba a aikin dutse a gidansu, a kai yaran can har a gama gyara. Buhunan dutse su fita, daka ya tsaya cak. Turmi da taɓarya da rariya da faifai da duk buhun da ya taɓa ɗaukar dutse sun tashi daga kayan abinci har abada. Turmin itace yana da tsagogin da ƙura ke maƙalewa, wanki ba ya fitar da ita. Ki bincika injin da kuke kai niƙan hatsi, idan ana zuba masa dutse wani lokaci, ku canza inji. Shara da tsintsiya a busasshiyar ƙasa tayar da ƙurar take yi ta watsa ta ɗakuna, don haka a yayyafa ruwa tukuna, kayan ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma a jefar da tsumman. Tabarmin da aka shanya garin dutse a kansu a rabu da su.

Ƙasar tsakar gidan ita ce babbar matsala, domin dalma ba ta ruɓewa, ruwan sama ba ya tafiya da ita, tana nan har jikoki. Abin da aka yi a ƙauyukan Zamfara shi ne a kankare saman ƙasa kimanin santimita 5, a zuba a buhuna a kai wani rami na musamman a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Idan za ku yi da kanku, maza ne za su yi, ba ke ba, yara kuma ba sa gidan. A jiƙa ƙasar kafin a fara kankara, a binne ta nesa da rijiya da gona da mashayar dabbobi, sabuwar ƙasar kuma a ɗebo ta daga inda ba a taɓa wankin zinariya ko niƙan dutse ba. Wanda yake da hali ya dafe da siminti, ya fi. Ku duba ko an yi bulo ko yaɓe da ragowar ƙasar wanki, domin bangon ma yana zubar da ƙura. A rufe randa, kada a shanya hatsi a ƙasa tsirara, kada a sha ruwan kududdufin da ake wankin zinariya. Tafasa ruwa ba ya cire dalma, ƙara tattara ta yake yi. Yaro ya ci abinci a kan tabarma mai tsabta, a wanke masa hannu da sabulu kafin ci da kafin barci, a yanke masa farce. Wani abin da ake mantawa da shi kwalli ne: wanda ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli yawanci dutsen dalma ne, yaro kuma yana murza ido ya kai hannu baki. A daina sa wa yara, a kuma daina ba su duk wani garin magani da ba a san me aka haɗa a ciki ba.

Maigidanki kuwa, abin da kika lissafa ya yi kama da guba biyu a jiki ɗaya. Lanƙwashewar wuyan hannu aikin dalma ne da aka daɗe da sani: tana raunana jijiyar da ke ɗaga hannu da yatsu sama, kuma ta fi fara wa hannun da aka fi aiki da shi, sau da yawa ba tare da ciwo ba. Murɗawar ciki mai tsanani, taurin bayan gida, kasala, ƙarancin jini, hawan jini da raunin ƙoda duk daga gare ta suke, wasu har wani siririn layi mai duhu yakan fito a dasashi gab da haƙora. Rawar hannun kuma ta fi kama da zaiba. Tana farawa a yatsu, da fatar ido, da leɓe, da harshe, tana ƙaruwa lokacin da mutum ya miƙa hannu zai ɗauki abu, shi ya sa kofi ke gagarar sa. Tana zuwa da saurin fushi, rashin barci, mantuwa, gudun mutane, yawan yawu, kumburin dasashi da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ki lura ko akwai waɗannan ki gaya wa likita. Canjin halin da kika gani wani ɓangare ne na ciwon. Wannan bai sa ki jure ya riƙa dukanki ba idan abin ya kai can, a irin wannan hali manyanki da nasa za ki sanar nan take.

Gwajin da ya kamata a yi masa: dalma a jini, zaiba a fitsari, aikin ƙoda, yawan jini, hawan jini da sukari. Likita zai sa ya miƙa hannuwa, ya taɓa hancinsa da yatsa, ya yi tafiya dunduniya na bin yatsun ƙafa, ya ja layi a takarda. Zai kuma tambaya game da wasu abubuwan da ke kawo rawar hannu ko mutuwar gaɓa, kamar ciwon sukari, ciwon maƙoƙo, shanyewar ɓarin jiki, da ƙwayoyin ƙara ƙarfi irin su tiramadol da wasu ma'aikata ke sha. Ya faɗi gaskiya a kan wannan. Babban maganinsa shi ne nisantar gubar na wasu watanni. Dalmar cikin jini tana raguwa da rabi a kusan wata guda idan ba a ƙara ba, zaiba kuma kusan wata biyu, ko da yake wadda ta shiga ƙwaƙwalwa ta fi haka daɗewa. Hannun da ya lanƙwashe yana iya dawowa a hankali cikin watanni idan an daina shaƙar ƙura, aka ɗaure shi da abin tallafi don kada ya sandare, aka kuma bi motsa gaɓoɓi a asibiti. Idan aka ci gaba da aiki a haka, ɗaya hannun ma zai bi, kuma ana kai matakin da ba ya komawa. Kafin ya samu sauƙi kada ya tuƙa babur, kada ya sauka rami da igiya.

Ƙona zaiba a zaure shi ne abu mafi haɗari da ake yi a gidanku bayan daka. Idan aka ɗora dunƙulen zaiba da zinariya a kan garwashi, zaibar ba ɓacewa take yi ba, tururi take zama, marar launi marar wari, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na wanda aka shaƙa yana wucewa daga huhu zuwa jini, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ragowar yana lafewa a bango da rufi da tufafi, duk lokacin da rana ta yi zafi ya sake tashi. Don haka zauren yana ba da guba ko ranar da ba a kunna wuta ba. A bar shi a buɗe iska ta riƙa ratsawa, a fitar da tabarmi da tsummokaran ciki, kada kowa ya kwana a ciki, kurfotin da cokalin ƙonawa kada su sake kusantar girki. Takunkumin ƙyalle ko rawani ba sa tare wannan tururi, haka ma takunkumin ƙura mai kyau.

Abin da ke tare shi rufaffiyar tukunyar ƙonawa ce, wadda maƙeri ko mai walda zai iya haɗawa da bututun ruwa na ƙarfe: ƙaramin kofi mai murfin da ake murɗawa ya rufu gam, da bututu mai tsawon kamu biyu ko uku da ya fito daga sama ya lanƙwaso ƙasa zuwa kwanon ruwa. Ana sa dunƙulen a kofin, a rufe, a hura wuta. Zaiba tana tafasa a digiri 357, tururin ya bi bututu, ya huce, ya ɗigo cikin ruwa, a kwashe a sake aiki da ita. Idan an yi daidai ana dawo da fiye da kashi 90 cikin 100. Inda ake kuskure: sabon bututu mai rufin farin ƙarfe dole a fara ƙone shi babu komai a ciki, a fili, har rufin ya tashi. A naɗe bututun da jiƙaƙƙen tsumma don tururin ya huce. A ɗaga bakin bututun daga cikin ruwa kafin a janye wuta, in ba haka ba ruwa zai zuƙo ya koma cikin kofi mai zafi ya fashe. Kada a buɗe murfin sai ya huce sarai, domin wanda ya buɗe da zafi ya shaƙi tururin da yake gudu. Ko da wannan tukunya, a fili ake ƙonawa, bayan gari, iska na kaɗawa daga bayan mutum, babu mace babu yaro a kusa. A kuma daina zuba zaiba a kan dukkan ɗanyen garin dutse, a fara wankewa har ya rage baƙin yashi mai nauyi sannan a sa kaɗan. Zaibar da ta rage a ajiye ta a kwalbar roba mai kauri da murfi, a zuba ruwa a samanta, ba a ɗakin kwana ba. Idan ta zube kada a share da tsintsiya, a tattara ɗigon da kwali biyu ko sirinji marar allura.

A wurin niƙa, jiƙaƙƙen niƙa ya fi komai rage ƙura. Takunkumin ƙura na musamman da ake kira N95, idan ya kama fuska gam, yana rage ƙurar dalmar da ake shaƙa, amma gemu yana barin kafa a gefe, kuma idan ya toshe ko ya jiƙe canzawa ake yi. Maigidan ya ware kayan aiki, har da hula da takalmi, ya bar su can, ya yi wanka da sabulu ya sa wasu kafin ya shigo gida ko ya ɗauki yaro. A can za a wanke kayan, ba a bahon wankin gida ba. Kada ya ci abinci ko goro ko ya sha taba da hannun aiki. Wayarsa da sirdin babur ma a riƙa gogewa, domin yara suna wasa da su.

Cikinki yana buƙatar kulawa ta daban. Dalma da zaiba duka suna ratsa mahaifa su kai ga jariri. Bayan haka, lokacin ciki da shayarwa jiki yana ɗebo kalsiyam daga ƙashin uwa, dalmar da ta daɗe a ƙashin sai ta biyo. Tana ƙara haɗarin ɓari, haihuwar bakwaini, ƙaramin jariri da hawan jinin masu ciki. Daga yau babu daka, babu tankaɗe, babu wankin kayan aikinsa, babu sharar zaure. A wurin awon ciki ki gaya musu abin da ake yi a gidan, ki nemi a auna jininki, ki sha maganin ƙara jini da kalsiyam yadda aka rubuta miki, domin isasshen kalsiyam yana rage abin da jiki ke ɗebowa daga ƙashi. Idan kwaɗayin farar ƙasa ko ƙasar bango yana taso miki, ki daure ki bari, ki kuma faɗa wa ma'aikaciyar awo, yawanci alamar ƙarancin jini ce. Bayan haihuwa kada ki hana jariri nono da kanki. Ga yawancin mata nono ya fi alheri, sai lambar dalmar jinin uwa ta kai wajen 40 ake shawarar dakatarwa na ɗan lokaci, kuma likita ne zai faɗa.

Maganar da maigida ya yi gaskiya ce, da aikin kuke ci, kuma tsoron ɓarayi a yankinku ba ƙirƙira ba ce. Idan kika tunkare shi da "bar aikin" ba zai saurare ki ba. Ki nemi abu uku da zai iya yi ba tare da ya rasa sana'arsa ba: dutse ya bar gida, wutar zaiba ta bar zaure, shi kuma ya bi ku asibiti a gwada shi. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki fara da hannunsa, domin shi ne jarinsa, kuma shi ma yana cikin tsoron abin da ke faruwa da shi ko da bai furta ba. Ki nuna masa cewa rufaffiyar tukunya kuɗin zaiba take dawo masa da shi. Matsalar ajiya kuma ta mutane da yawa ce, don haka masu aikin su haɗa kuɗi su gina ɗakin ajiya mai kwaɗo a gefen gari, nesa da gidaje da rijiya, su sa mai gadi. Idan maganarki ba ta shiga ba, ki bi ta wansa ko limamin unguwa. Amma kai yaro asibiti ba ya jiran a gama wannan shawara. Ki jawo abokiyar zamanki cikin maganar tun farko, 'ya'yanta ƙasa ɗaya suke takawa da naki.

Da surukarki kada ki yi jayayya a kan iska. Ki ce mata, "Inna, a ci gaba da addu'a, mu kuma je a duba jininsa," ki roƙe ta ta raka ki. Idan ta ji bayani daga bakin likita ta ga lambar a takarda, ita ce za ta fi kowa matsa wa ɗanta.

Idan gwaji ya tabbatar da dalma, ba gidanku kaɗai ba ne. A sanar da mai unguwa da dagaci da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a nemi a zo a gwada yaran gari a kuma auna ƙasa. MSF ta miƙa aikin gubar dalma na Zamfara ga hukumomin jihar a 2022, don haka ta hannun ma'aikatar lafiya ta jiha za a bi. An ga gidajen da aka kwashe musu ƙasa suka sake gurɓacewa saboda an dawo da daka cikin gida, shi ya sa dokar hana shigo da dutse gari sai ta fito daga masu gari da kansu, su kuma tsaya a kanta.

Bayan an sallami yaron, ki adana kowace takardar gwaji da kwanan watanta, ki koma a ranar da aka ba ki ko da ya warware, domin jerin lambobin ne ke nuna ko dalmar na sauka ko har yanzu tana shigowa ta wani wuri. Ki nemi a duba jinsa da ganinsa, dalma tana taɓa su. Ki riƙa yi masa magana kullum, ki kira masa sunayen abubuwa, ki bar shi cikin yara. Wasu yaran maganarsu tana dawowa cikin watanni, wasu suna buƙatar ƙarin taimako har zuwa makaranta, wasu kuma likita zai ɗora su a kan maganin farfaɗiya na wani lokaci. Idan an ba shi irin wannan, kada a tsayar da shi farat ɗaya, likitan ne zai rage shi a hankali.